Filin wasa a sama, ma'ajiyar ruwa a ƙasa: yadda hukumomi uku suka raba harabar makaranta a Shikago

A shekarar 2014 aka farfasa kwaltar da ta rufe harabar wasu makarantun firamare guda huɗu a birnin Shikago na jihar Illinois a Amurka, aka haƙe ƙasar, aka zuba tsakuwa aka jera bututu, sannan aka mayar da filin wasan yara a sama. Makarantun su ne Grissom da Leland da Morrill da Schmid, duk a unguwannin kudu da yammacin birnin. Kowace ɗaya ta ci wajen dala miliyan 1.5, kuma kashi biyu cikin uku na kuɗin daga aljihun hukumomin ruwa ya fito, waɗanda karatun yara baya cikin aikinsu ko kaɗan. Sunan shirin Space to Grow. Ni abin da ya ja hankalina shi ne yadda aka yi hukumomi uku, kowa da kasafinsa da shugabanninsa da lauyoyinsa, suka yarda suka zuba kuɗi a fili ɗaya, da kuma wurin da nake ganin tsarin yake da rauni.

Wa ke da fili, wa ke da bututu

A yawancin garuruwan Amurka makarantun gwamnati ba a hannun ofishin magajin gari suke kai tsaye ba. Hukumar makarantu gwamnati ce mai zaman kanta, tana da kwamitin gudanarwa, tana da kasafinta, tana karɓar nata kason daga harajin gidaje da filaye. Ta Shikago ita ce CPS, mai makarantu sama da 600, a lokacin ita ce ta uku a girma a duk ƙasar. Daga 1995 zuwa 2024 magajin gari ne ya riƙa naɗa duk 'yan kwamitinta, amma duk da haka asusunta daban ne da na birni, kuma ba wai magajin gari zai wayi gari kawai ya tura katafila harabar makaranta ba. Abin mamaki ma, takardar mallakar filayen makarantu da yawa da sunan birnin take, amma a matsayin amana don amfanin makarantu kaɗai, kaga ke nan suna na birni ne, iko kuma na hukumar makarantu.

Ruwa kuma hannu biyu ne ke riƙe da shi. Ƙananan bututun da ke bi ƙarƙashin layukan unguwa, masu tsawon sama da mil 4,000, na sashen ruwa na birnin ne. Manyan bututun da waɗannan ke juyewa a ciki, da matatun da ke tace dagwalon, da manyan ramukan ƙarƙashin ƙasa, na wata hukuma ce daban mai suna MWRD, an kafa ta tun 1889, kwamishinoninta tara ne kuma jama'ar gundumar Cook, inda Shikago take, su ne ke zaɓensu da ƙuri'a, magajin gari ba shi da ta cewa a kansu.

To ɗigon ruwan da ya faɗo a harabar makaranta, a filin CPS ya sauka, cikin minti kaɗan ya gangara bututun birni, daga nan ya zama na MWRD. Mai filin ba shi ke shan wahalar ruwan ba, masu shan wahalar kuma ba su da filin.

Abin da ke sa ruwa shiga gidaje

Shikago a kan fadama aka gina ta, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce a bakin tafkin Mishigan wadda ruwa baya samun gangaren da zai bi. Tun a shekarun 1850 sai da aka ɗaga tituna, har da gine-gine, kafin a samu damar shimfiɗa magudanai, a 1900 kuma aka juya akalar kogin Shikago ya daina zuba a tafkin da mutane ke sha. Magudanan da aka gada daga wancan zamani na haɗaka ne, wato ruwan sama da ruwan bayan gida bututu ɗaya suke bi. In ba a ruwa lafiya lau. In aka sheƙa ruwa mai ƙarfi sai bututun ya cika, abin da ya rasa hanya kuma dole ya nemi mafita, ko ya malala kogi, ko ya dawo da baya ya ɓullo ta magudanar ɗakunan ƙasa na gidajen mutane, kuma fa gidajen birnin da yawa suna da irin wannan ɗakin, nan ake ajiye tukunyar ɗumama gida da injin wanki, wasu ma a nan suke kwana. Ba ruwan sama zalla ke shigowa ba, da ƙazanta yake zuwa.

An kashe maƙudan kuɗi a kan wannan. Tun 1975 MWRD ta fara haƙa manyan ramuka a can ƙarƙashin dutse, tsawonsu ya kai mil 109, aka ƙara da manyan tafkunan ajiya, na Thornton a 2015 mai ɗaukar galan biliyan 7.9, da kashin farko na McCook a 2017 mai ɗaukar biliyan 3.5. Sai dai duk girman ramin, ruwan sai ya bi ta ƙaramin bututun unguwa kafin ya isa can, in bututun ya shaƙe to ramin na iya zama da sauran wuri alhali gidan mutum ya riga ya cika. Wata cibiya mai suna Center for Neighborhood Technology ta duba kuɗaɗen diyyar ambaliya da aka biya a gundumar Cook daga 2007 zuwa 2011, ta gano cewa ɓarnar ba ta bin taswirar wuraren da gwamnatin tarayya ta ware a matsayin bakin kogi masu haɗari, unguwannin da ko rafi babu a kusa da su suna cikin waɗanda suka fi jigata, kuma galibi na masu ƙaramin ƙarfi ne. A watan Afrilun 2013 aka yi wani ruwa da ya sa aka buɗe ƙofofin kogi dagwalo ya koma tafkin Mishigan, titi ya rufta da motoci uku a kudancin birnin.

Saboda haka injiniyoyi suka koma neman inda za a tsare ruwan tun kafin ya shiga bututu. Matsalar ita ce a cikin tsohuwar unguwa da ta cika da gidaje ina fili? Sayen gidaje a rushe akwai tsada ga rigima. Babban filin gwamnati da kusan kowace unguwa ke da shi, shimfiɗaɗɗe, ba gini a kai, shi ne harabar makarantar firamare, kuma yawancinsu kwalta ce malale tun shekaru aru-aru saboda ita ce ba ta buƙatar ban ruwa ko yankan ciyawa.

Ita ma CPS tana da tata damuwar. A 2012 aka tsawaita lokacin zaman makaranta aka dawo da fita tara a firamare, bayan shekaru da makarantu da yawa suka daina, to yara sun fito amma sun fito kan fasasshiyar kwalta, ga kududdufi in an yi ruwa. Kuɗin gyara kuwa babu, a 2013 ma makarantu kusan 50 hukumar ta rufe a lokaci guda, kuma in ana maganar rufin da ke yoyo da tukunyar ɗumama aji da ta mutu, wa zai saurari mai maganar filin wasa?

Yadda aka ƙulla

Abubuwa biyu suka sa hukumomin ruwa suka zo da kuɗi a hannu. Magajin gari na lokacin, Rahm Emanuel, ya ware dala miliyan 50 na shekara biyar don ayyukan tsare ruwan sama ta hanyar ƙasa da shuke-shuke. Ita kuma MWRD tana ƙarƙashin wata yarjejeniyar kotu da gwamnatin tarayya, wadda alƙali ya amince da ita a farkon 2014, a kan dagwalon da ke malala koguna, kuma cikin sharuɗɗan har da cewa sai ta samar da irin waɗannan wuraren tsare ruwa. Ke nan ba kyauta ta zo yi wa makarantu ba, galan take nema da za ta rubuta a rahotonta, makarantu kuma suna da wurin da za a samu galan ɗin.

Kundin tsarin mulkin Illinois na 1970 ya ba ƙananan gwamnatoci da hukumomin makarantu damar ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu su haɗa kuɗi su yi aiki tare, a kan wannan aka tsaya. Ba a sayar da fili ba, ba a yi musaya ba, ba a yanki wani ɓangare an katange an ce nan na ruwa ne ba. Harabar ta ci gaba da zama ta makaranta gaba ɗayanta, kowace hukuma ta kawo kusan dala 500,000, sharaɗin masu ruwa kuma shi ne kowace haraba ta iya riƙe aƙalla galan 150,000 a ruwa ɗaya, wajen lita 568,000 ke nan. A ganina nan ne dabarar take. A wasu garuruwan in birni ya nemi filin makaranta don ruwa, kwari yake so ya haƙa, sai iyaye su tashi su ce an cinye wa yara filin ƙwallo, ga tsoron yaro ya faɗa, sai a shekara ana jayayya a kan eka nawa za a bayar da nawa za a biya. A nan an raba filin ne sama da ƙasa, yara suka ɗauki sama, ruwa ya ɗauki ƙasa, babu wanda aka rage wa taku ɗaya.

Sai kuma wasu ƙungiyoyi biyu masu zaman kansu da aka ba riƙon shirin, Openlands mai harkar filaye da itatuwa, da Healthy Schools Campaign mai harkar lafiyar ɗalibai. Ba su ke biyan kuɗin gini ba. Aikinsu tara hukumomin a teburi ɗaya, kiran taron iyaye da malamai da maƙwabta a tambaye su me suke so a filin, da koya wa malamai yadda za su yi amfani da lambun bayan ɗan kwangila ya tafi. Mutum zai iya raina wannan aikin, amma hukumomi uku da babu mai ba wani umarni, in ba wanda aikinsa kullum shi ne ya bi takarda daga wannan ofis zuwa wancan, to takardar a durowa za ta kwana. Wajen zaɓen makaranta kuma ana duba ko unguwar na fama da ruwa a ɗakunan ƙasa, ko iyayen yaran masu ƙaramin ƙarfi ne, ko akwai ƙarancin wurin wasa a kusa, sannan makarantar da kanta ta nuna tana so, kuma ta yarda a bar filin a buɗe ga mutanen unguwa bayan an tashi da ranakun hutu.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafar yara

In ka shiga ɗaya daga cikin harabobin abin da za ka gani shi ne filin ƙwallo na ciyawar roba, hanyar gudu, lilo da sulɓi a kan shimfiɗar roba mai laushi, filin ƙwallon kwando, kujerun karatu a waje, da lambun kayan miya da furanni. Kusan duk abin da ka taka ruwa na ratsa shi, ko bulo ne da aka jera da 'yar tazara a tsakani, ko kwalta mai ƙofofi. A ƙasa kuma tsakuwa ce wankakkiya mai kauri. Kamar dai ka cika bokiti da tsakuwa ka ɗauka ya cika, ka zuba ruwa ka ga ya shanye, don kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin iska ce tsakanin duwatsu. In ka buga lissafi, galan 150,000 zai shige cikin tsakuwa mai zurfin santimita 70 a fili mai mita 60 da mita 40, wanda bai ma kai rabin cikakken filin ƙwallo ba.

Daga nan ruwan hanya biyu gare shi. Wani ya nutse ƙasa, wani kuma ya bi bututun da ke kwance a cikin tsakuwar ya fita zuwa magudanar birni ta wata ƙaramar kafa da aka matse da gangan, yana tsiyaya a hankali bayan hadari ya wuce bututun unguwa ya samu sarari. Ƙasar Shikago yawanci yumɓu ce, bata shan ruwa da sauri, shi ya sa jinkirtawar take da muhimmanci kamar nutsewar. Lambunan ma ba ado kaɗai ba ne, an ɗan zurfafa su an shuka ciyayin asalin yankin masu doguwar saiwa waɗanda ke jure kwana cikin ruwa su kuma jure fari.

Lissafin da ya kamata a faɗa

Bayan huɗun farko aka amince a ƙara 30, jimla 34, kuɗi dala miliyan 51. An so a gama a 2019 amma sai wajen 2022 aka kai adadin, daga baya kuma aka ci gaba da ƙara wasu. A tsakiyar wannan lokacin CPS ta shiga matsin kuɗi sosai, jihar Illinois ma ta yi shekara biyu, 2015 zuwa 2017, ba ta da cikakken kasafi. Ni dai fahimtata ita ce duk tsarin da aka ce kowa ya kawo daidai, to tafiyarsa da saurin wanda ya fi talauci za ta kasance, kuma a nan mai filin ne ya fi talauci.

Yanzu a duba galan. Inci ɗaya na ruwa a kan eka ɗaya galan 27,000 ne da 'yan kai. Inci ɗaya a kan duk birnin Shikago ya kusa galan biliyan 4. Haraba 34 in aka ɗauki mafi ƙarancin abin da aka gindaya, galan miliyan 5.1 ne, wasu sun fi haka nesa, amma ko ka ninka biyu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan inci ɗaya ba. In kuma ka raba kuɗi da galan, dala 10 ke nan kan kowane galan in aka ɗora duka kuɗin a kan ruwa, ko kusan dala 7 in kason masu ruwa kaɗai aka ƙirga, alhali manyan tafkunan ajiya sun fi haka araha nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ce maka wannan shirin zai magance ambaliyar Shikago, gaskiya ya zuzuta.

Amma kwatancin bai cika adalci ba. Galan ɗin da ke tafkin McCook baya hana bututun layinku shaƙewa, na harabar makarantar da ke bayan gidanku kuwa daga wannan bututun kai tsaye aka cire shi, kuma a daidai rabin awar da ruwa ya fi ƙarfi. Amfanin na layuka kaɗan ne da ke kewaye, ga matsakaicin ruwa irin wanda ake yi sau da yawa a shekara. Ranar 2 ga Yulin 2023 an ga iyakarsa, ruwa ya kusa inci 9 a wasu sassan yammacin birnin da garuruwan Cicero da Berwyn, dubban gidaje suka cika, har da unguwar Austin inda makarantar Leland take, sai da gwamnatin tarayya ta ayyana dokar bala'i. Inci 9 a kan eka ɗaya tak ya haura galan 240,000, harabar ko ruwan kanta ba lallai ta iya riƙewa ba balle na maƙwabta.

Ta ɓangaren makaranta kuwa cinikin ya yi kyau ƙwarai, ta biya kashi ɗaya ta samu filin kashi uku.

Wa zai share

Nan ne nake ganin raunin. Kuɗin gini an raba uku, amma fili na makaranta ne, saboda haka kulawar yau da gobe a wuyan CPS take faɗawa, wato a ƙarshe kan shugaban makaranta da masu shara da ɗan kwangilar yankan ciyawa. Shi kuwa irin wannan filin ba kamar kwalta yake ba da za a manta da ita shekara ashirin. Bulo mai ratsa ruwa ƙura da ganye da yashi ke toshe ƙofofinsa sannu a hankali, sai an riƙa zuwa da mota mai zuƙe datti lokaci lokaci. Lokacin sanyi in aka watsa yashi don hana santsi an kashe shi, gishirin narkar da ƙanƙara kuma yana ƙona shuke-shuke. Mai yankan ciyawar da ba a yi wa bayani ba zai ga ciyayin lambun ya ɗauka daji ne ya aske su tas. Ciyawar roba ita ma tana da wa'adi, shekara goma ko ƙasa da haka sai an canza, kuma canjin ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne lalacewar ba ta nuna kanta. In lilo ya karye a ranar iyaye za su kira ofis. In ƙofofin bulo suka toshe rabi, filin yana nan da kyansa, yara na wasa, ruwan ne kawai ya koma gangarawa titi kamar da, hukumar ruwa kuma tana nan da galan 150,000 a rubuce a takarda. Wanda ke da buƙatar galan ɗin ba shi ke tsaye a filin kullum ba, wanda ke tsaye a filin kuma da sakamakon jarrabawa ake auna shi. Da ni ne mai rubuta irin wannan yarjejeniya, kuɗin kulawa ma uku zan raba shi, a saka shi a asusu na daban tun ranar sa hannu, sannan masu ruwa su riƙa turo nasu ma'aikaci duk shekara ya gwada yadda ƙasar ke shan ruwa, don gwajin ba wuya gare shi ba, zobe ne ake kafawa a zuba ruwa a duba agogo.

Akwai kuma maganar idan aka rufe makaranta. Birnin da ya rufe kusan 50 a shekara ɗaya, kuma yawan ɗalibansa ya yi ta raguwa, dole a yi wannan tambayar, in aka sayar da filin wa ke da ma'ajiyar da ke ƙasa, kuma mai saye zai iya haƙe ta ya yi gini? Kuɗin masu biyan harajin ruwa ne a binne a wurin, ya kamata haƙƙin ya bi filin ko a hannun wa ya koma.

Sannan siyasar da ta sauƙaƙa ƙullin farko ta canza. A 2014 biyu daga cikin hukumomi ukun ga mutum ɗaya suke kai rahoto, shi ya naɗa shugaban sashen ruwa shi ya naɗa kwamitin makarantu. A Nuwamban 2024 aka yi zaɓen farko na 'yan kwamitin makarantun Shikago, a Janairun 2025 sabon kwamiti mai mutum 21 ya kama aiki, goma zaɓaɓɓu sauran naɗaɗɗu, daga 2027 kuma dukkansu zaɓaɓɓu ne. Duk harabar da za a ƙara daga nan, da duk kuɗin canza ciyawar roba a waɗanda aka gina a 2014, sai sun bi ta gaban mutanen da kowannensu yana da tasa mazaɓar da nasa makarantun da rufinsu ke yoyo.